Ɗan zanzaron da ke fitowa daga cikin kaska

A lokacin ɗarin bara, wajen ƙarshen watan Disamba, na kai ziyara wata ruga da ke gefen dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Aikin da ya kai ni ɗan kaɗan ne: duba maruƙa, da tattara kaska don mu san irin da ke damun garkunan yankin. Na ciro matasan kaska waɗanda suka ƙoshi da jini, na sa su ɗai-ɗai cikin ƴan kwalabe, na toshe bakin da auduga. Dalilin ajiye su da rai shi ne matashiyar kaska wuyar ganewa gare ta, amma idan ka bar ta ta yi saɓa ta zama babba, zanen bayanta da kansa zai gaya maka sunanta. Na kai su buro, na jera cikin kwali kusa da randar ruwa saboda laima, na shiga wasu ayyukan.

Bayan kamar sati shida na buɗe kwalin. Yawancinsu sun yi saɓa, kuma duk irin nan ce mai zane a baya da ƙafafu masu ratsi, wadda Fulani ke kira koti, a makaranta kuma aka koya mana sunanta Amblyomma variegatum. Sai dai kwalabe uku sun ƙi. Kaskar tana nan kwance ta bushe, ga kuma wasu ƴan baƙaƙen abubuwa suna yawo a jikin gilashin. Na ce a raina ƙananan ƙudaje ne suka kutsa ta cikin audugar suka lalata mini aiki. Na zubar da biyu a bayan buro. Na ɗauko ta ukun zan zubar ke nan, sai ɗaya daga cikinsu ya yi tsalle daga wannan gefen kwalbar zuwa wancan, tsalle irin na ƙuma. Ƙuda ba ya haka. Da na juya busasshiyar kaskar sai na ga ƴar huda guda ɗaya a wajen ɗuwawunta, zagayayya, kamar an sa allura. Ashe daga ciki suka fito.

Har yau ina jin haushin kwalaben nan biyu.

Kafin in shiga bayanin kamanninsa, sai mun ɗan tuna rayuwar koti, don a nan ne labarin yake. Koti tana hawa jikin dabba sau uku a rayuwarta. Ta farko ita ce jaririya mai ƙafa shida, wadda ke ƙyanƙyashewa wajen ƙarshen damana. Idan ta sha jini ta faɗi ƙasa, sai ta zama matashiya mai ƙafa takwas, wadda muke gani a jikin bisashe da zabi da zomaye lokacin ɗari. Ita ma ta sha ta faɗi, ta zama babba, ta laɓe har farkon damana. Babbar ce makiyayi ya fi sani, don ita ke kama hantsa da hammata da ƙarƙashin wutsiya, ta kashe wa saniya kan nono, ta buɗe wa kirci hanya. Koti ce kuma ke ɗaukar ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya, wanda ke sa akuya ko tunkiya ta yi ta zagaye kafin ta faɗi. Mace ɗaya da ta ƙoshi tana zuba ƙwai fiye da 10,000. Duk matashiyar da ta mutu a lokacin ɗari, to an rage babba ɗaya a damana.

Wannan ɗan ƙwaron matashiyar yake nema. Macen tana sauka a jikin dabba, ta ratsa cikin gashi har ta sami kaska, ta soka mata ƙwai a ciki. Kaskar ba ta fasa shan jininta ba. Sai ta ƙoshi ta faɗi ƙasa tsutsotsin ke cinye jinin da ita kanta, su bar fatar kawai, su rikiɗa a ciki. Bayan wata guda ko fiye, gwargwadon zafin gari, sai su huda ƙofa ɗaya su fito bi da bi. A kwalbar da ta tsira na ƙirga fiye da talatin. Sunansa a littafi Ixodiphagus hookeri, kuma dangin zanzaro da rina ne.

Na san mai karatu zai yi mamakin kalmar zanzaro a nan. Zanzaron da muka sani shi ne mai gina ɗakin laka a kusurwar soro, mai siririn ƙugu, har muke ce wa wanda ya cusa riga cikin wando ya yi zanzaro. Wannan ba shi da irin ƙugun nan. Gajere ne, dunƙulalle, cikinsa manne da ƙirjinsa, tsawonsa kamar milimita 1. Idan kana son kwatance, ɗauki ƙwayar irin alayyahu guda: girman kusan ɗaya, baƙin ma kusan ɗaya. Kiyashi ya fi shi tsawo. Da ido kawai abin da za ka iya cewa shi ne baƙi ne, yana tafiya da sauri, fukafukansa a kwance bisa bayansa, kuma idan an taɓa shi tsalle yake fara yi kafin ya tashi. Sauran sai da madubin ƙara girma. Ƙaramin na aljihu mai ƙara girma sau 10 ko 20 ya isa rabin aikin. Don ya tsaya cik, nakan ɗora kwalbar a kan ƙanƙarar akwatin sanyi na ƴan mintoci, ko in sa ɗaya cikin alkol.

Tambayar farko ita ce: ƙuda ne ko zanzaro? Fukafukai ke raba gardamar. Duk ƙuda, daga na gida har sauro, fiffike biyu gare shi, kuma a bayan kowane fiffike akwai wani ɗan abu kamar kan fil. Zanzaro huɗu gare shi. Matsalar ita ce na bayan ƙanana ne, kuma suna maƙale da na gaba, don haka a kallon farko kamar biyu ne. A cikin alkol, idan ka sa bakin allura a hankali ka ɗaga na gaba, sai ƙaramin ya bayyana. Wannan binciken yana da muhimmanci, don akwai wani ɗan ƙuda mai ƙusumbi da yake shiga kwalaben kaska da gaske, ya yi ƙwai a kan wadda ta mutu. Shi launinsa ƙasa-ƙasa ne mai ɗan rawaya, ya fi namu girma, yana gudu yana tsayawa kamar wanda ya rasa hanya, kuma inda ya ci kaska za ka tarar da ruɓa da wari da ɓawon tsutsotsinsa a waje. Da shi na yi zaton na haɗu ranar nan. Kaskar da zanzaro ya cinye ba ta wari: tana kumbura, ta taurare, ta bushe, a wasu lokuta har ka hango duhu-duhun ƴaƴan ta cikin fatar kafin su fito.

Abu na biyu, wanda ni a wurina ya fi kowanne saurin nuna gaskiya, shi ne ƙahonni biyun da ke gaban kansa, waɗanda ƙwaro ke shinshinawa da su. Nasa suna da gwiwa. Gaɓar farko doguwa ce kamar damtse, daga nan sai ƙahon ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu. A macen, idan ka sami mikroskop, za ka ƙirga gaɓa 11: doguwar nan ta farko, wata gajera, sai ƙanana shida a jere kamar ƴaƴan carbi, sai uku na ƙarshe da suka haɗe suka yi kauri kamar kan kulki. Na namijin sun fi siranta, sun fi gashi, kuma kulkin bai fito sosai ba. Ƙudan nan mai ƙusumbi ƙahonsa ɗan dunƙule ne da silin gashi ɗaya. Ƴan ƙudajen da ke cizon bisashe da magariba a bakin tafki, waɗanda girmansu ya yi kusa da namu, ƙahonsu dogo ne marar gwiwa, fukafukansu kuma yawanci da ɗigo-ɗigo. Tururuwa ce kaɗai za ta iya ruɗa ka a nan, don ita ma ƙahonta da gwiwa, kuma masu fiffike suna fitowa bayan ruwa. Duba ƙugunta: tana da ƙulli ɗaya ko biyu tsakanin ƙirji da ciki. Namu ba shi da ko ɗaya.

Kan nasa ma abin kallo ne. Faffaɗa ne, kamar an danne shi, da manyan idanu a gefe biyu.

Sai a koma kan fiffiken gaba a dube shi da kyau a haske. Na zuma ko na rina cike yake da jijiyoyi da suka sassarƙe kamar raga. Na wannan fili ne garau kamar leda, jijiya ɗaya ce kawai ta bi bakinsa na gaba, ta je wajen tsakiya ta yi ɗan gajeren reshe ta ƙare. Wannan siffar ita ke gaya maka kana cikin babban dangin ƙananan zanzaro masu cin wasu ƙwari. A mikroskop za ka ga fiffiken lulluɓe da ƴan gasu, amma akwai wata siririyar hanya da ta ratsa a karkace wadda ba gashi a kanta, kamar turbar shanu cikin ciyawa.

Inda na fi daɗewa ina kallo shi ne gefen ƙirjinsa da ƙafar tsakiya, don a nan sirrin tsallen yake. Idan ka kwantar da shi a kan haƙarƙari, za ka ga gefen ƙirjin faranti ɗaya ne babba, sumul, ya turo waje kamar garkuwa, ba tsagi a tsakiyarsa. A ƙarƙashinsa ne naman da ke harba shi sama yake. Ƙafar tsakiya ta fi sauran ƙarfi, kuma a ƙarshen ƙwaurinta akwai ƙaya guda mai kauri, irin wadda ke bayan ƙafar zakara. Garkuwar nan da ƙayar nan su ne alamun gidan da masana ke kira Encyrtidae. Gida ne mai nau'o'i dubbai, yawancinsu ƙwarin itatuwa da na gona suke ci. Shi ya sa siffa ita kaɗai ba ta isa ba. Idan ka kama mai irin wannan kama a kan ganye, ba ka da hujjar cewa na kaska ne. Amma idan ka ga duk alamun nan, kuma da idonka ka ga daga cikin kaska ya fito, to ka kai ga Ixodiphagus, don su ne zanzaron da aka sani da cin kaska. Rarrabe hookeri da ƴan uwansa na kusa aikin masanin ƙwari ne da babban mikroskop, don bambancin yana cikin ƙananan gaɓoɓin baki da na ƙaho.

Akwai ƴan uwa biyu da mutanen yankinmu za su iya haɗuwa da su su ɗauka shi ne. Manoman Maraɗi da Damagaram da Tawa da yawa sun san ɗan zanzaron da ake kai musu cikin ƴan buhuna a rataye a gona don ya kashe murzunar gero, wanda cibiyar INRAN ta Maraɗi ta daɗe tana renonsa. Sunansa Habrobracon hebetor. Ya ninka namu girma sau biyu ko uku, launinsa daga rawaya-rawaya zuwa ƙasa-ƙasa mai duhu, ƙahonsa dogo ne mai gaɓoɓi da yawa kuma ba gwiwa, fiffikensa da jijiyoyi da wani baƙin tabo a baki, macen kuma tsinken ƙwanta yana leƙowa a baya. Tsutsa yake nema, ba ruwansa da kaska. Na biyun yana zaune cikin taki a garke: baƙi ne wuluk mai sheƙi, siriri, ƙahonsa ya fito daga can ƙasa dab da baki. Wannan Spalangia ne, ƴaƴan ƙuda yake ci tun suna cikin ɓawonsu. Shi ma abokin makiyayi ne, amma aikinsa daban.

Da na bi tarihinsa sai na tarar ba baƙo ba ne a wajen masana. Wani masanin ƙwari na Amurka, Leland Howard, shi ya fara siffanta shi a 1908, daga kaskar kare a jihar Texas. A 1931 an ba da rahoton samun sa a Legas, nan ma a kaskar karnuka. Amurkawa sun gwada renonsa suna saki a jihar Montana daga ƙarshen shekarun 1920, miliyoyi, amma kaskar da suke yaƙa ba ta ragu ba. Gwajin da ya fi shafar mu shi ne na Kenya, wanda masu bincike na cibiyar ICIPE suka buga a 1997. Sun saki wajen 150,000 cikin shekara guda a makiyayar shanu 10. Koti ta sauko daga 44 zuwa 2 a jikin kowace saniya. Amma wata kaskar da ke kama kunnen shanu a can ba ta ragu ba. Darasi biyu ke nan a gwaji ɗaya: yana iya yin aiki a kan koti, kuma yana zaɓen kaskar da yake so. A lura kuma shanu 10 ne a fili ɗaya, ba garken da ke tafiya daga Madarunfa zuwa Dakoro ba.

A watan Fabrairu na koma rugar da kwalbar a aljihu. Na miƙa wa arɗo madubin, na nuna masa yadda zai riƙe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Likita, wannan abin da ke fita daga kaska, ai ɗan kaska ne. Yana cizon bisa?"

Na ce, "A'a Baba, ba ya cizon bisa, ba ya harbin mutum. Kwanansa a duniya ma ƴan kaɗan ne, biyu ko uku, duk a neman kaska yake ƙarar da su."

Ya ce, "To in haka ne, carki ne ƙarami."

Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan dacewa ba. Makiyayi ya san carki, ya san kaji na tsince kaska a garke da safe, don haka zancen cewa kaska na da maƙiyi ba sabo ba ne a wurinsa. Sabon abu shi ne maƙiyin da ido ba ya gani. Kuma da ban nuna masa ba, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne feshi, kamar yadda ni ma abin da ya fara zuwa mini shi ne zubarwa.

A nan ne zancen ya zama na aikinmu. Magungunan kaska da muke amfani da su, musamman masu sinadarin sifametirin da deltametirin, ba sa tambayar ƙwaro sunansa. Macen zanzaron a jikin dabba take farauta, don haka saniyar da aka yi wa wanka da magani tarko ce gare ta. Balle maganin gona da wasu ke saye a kasuwa su dama su shafa wa bisashe, wanda shi ko don lafiyar saniyar da ta mai shan nono ya kamata a bari. Ban ce wa arɗo ya daina magani ba, kuma ba zan ce wa kowa haka ba. Idan manyan koti suka cika hantsa a watan Yuni ko Yuli, dole a yi magani, ba a jiran zanzaro. Abin da na ce masa shi ne a ajiye ƙarfin maganin don wannan lokacin, a rage wankan gaba ɗaya a lokacin ɗari sai in dabba ta cika da kaska ko ciwo ya ɓulla a garke. Ko a damanar ma akwai dabara. Cibiyar CIRDES ta Bobo-Dioulasso a Burkina Faso ta nuna cewa babbar koti tsakanin kofato take fara kamawa a makiyaya, sai dabba ta kwanta take hawa hantsa. Don haka ɗan ramin ruwan magani da shanu za su taka da yamma in sun dawo kiwo yana kashe da yawa, da magani kaɗan, ba tare da an jiƙa duk jiki ba.

Sai batun tsinta da hannu. Mata da yara na ciro kaska kullum su jefa a wuta. Ga manya, wuta ita ce daidai. Amma matashiyar da ta ƙoshi tana iya kasancewa ɗauke da zanzaro talatin a cikinta. Muka yi wani ɗan gwaji namu: gwangwanin madara, da ɗan yashi mai laima a ƙasa, aka rufe bakin da ƙyallen sange aka ɗaure da roba tamau, aka rataye a inuwa inda tururuwa ba za ta kai ba. Matasan da suka ƙoshi ake jefawa ciki. Zanzaro yana wucewa ta idon sange, babbar kaskar da ta yi saɓa ba ta iya wucewa. Bayan wata biyu a juye abin da ya rage a wuta. Na ja kunnensu kada kowa ya murtsuke kaska da yatsa, don kaskar nan mai dogayen ƙafafu da ake kira Hyalomma, wadda ta fi yawa a ƙasarmu, tana iya ɗaukar zazzaɓin da ke sa mutum zubar jini.

Ga abokan aikina da ke Gaya, Madawa, Magarya da sauran wuraren da koti take, roƙona shi ne a lokacin ɗarin bana kowa ya ajiye ƴan kwalabe. A zaɓi matasan da suka ƙoshi sosai, don wadda aka ciro da rabin ciki ba ta fitar da komai. A ciro da hantsaki a hankali kada ta fashe. Kowace kaska da kwalbarta, da toshin auduga mai ƙarfi, a wuri mai inuwa da laima amma kada ruwa ya taɓa ta, don iskar hunturu tana busar da su kafin lokaci. A rubuta rana da wuri da irin dabbar. A riƙa dubawa sau biyu a sati har wata biyu. Idan wani abu ya fito, a sa shi cikin alkol mai ƙarfin kashi 70 tare da busasshiyar kaskar da ya fito daga ciki, don ita ce shaidarsa, a rubuta takardar da fensir a jefa ciki, saboda alkol na wanke tawada. Hoton talho ta bakin madubin aljihu yana fitowa fiye da yadda ake zato, idan aka ɗora ƙwaron a kan farar takarda aka ɗauke shi ta gefe yadda ƙaho da ƙafar tsakiya za su bayyana.

Gwangwanin arɗo yana nan rataye a reshen wata aduwa a bayan garke. Ranar da na koma na ƙarshe, jikarsa ce ta sauko da shi, ta zazzage busassun kaskar a tafin murfin kwano, muka zauna muna juya su ɗai-ɗai da tsinke muna neman masu huda.